Green Bay Packers

Green Bay Packers ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce irin ta Amurka, wato ƙwallon nan mai kama da ƙwai da ake runguma a gudu da ita, kuma tana buga wasa a NFL, babbar gasar wasan a Amurka. Gidanta garin Green Bay ne a jihar Wisconsin, ƙaramin gari da mutanensa ba su wuce dubu 107 ba sosai, amma duk da haka babu kulob ɗin da ya kai ta yawan lashe kambun gasar, sau 13 ta ɗauka.

An kafa ta ranar 11 ga Agusta 1919. Curly Lambeau da George Calhoun ne suka haɗa ta, kamfanin da Lambeau yake wa aiki, Indian Packing Company mai sa nama a gwangwani, shi ya ba da dala 500 aka sayi riguna, daga nan sunan Packers ya samo asali. A 1921 ta shiga gasar da daga baya ta zama NFL. Lambeau ɗan wasa ne kuma koci, ya ci kambu shida, uku a jere daga 1929 zuwa 1931, sai 1936 da 1939 da 1944.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta da ubangida. Tun 1923 da kuɗi suka yanke mata aka fara sayar wa jama'a hannun jari, an sake yi a 1935 da 1950 da 1997 da 2011 da 2021, yanzu masu jarin sun haura dubu 500. Jarin nan ba riba ake raba musu ba fa, takarda ce kawai da damar zaɓen hukumar gudanarwa, amma ita ta hana wani attajiri ya saye kulob ɗin ya kai shi babban birni, yadda sauran ƙungiyoyin ƙananan garuruwa na zamanin suka ƙaura ko suka mutu.

Bayan tafiyar Lambeau abubuwa sun lalace, a kakar 1958 wasa ɗaya tal suka ci. Sai aka ɗauko Vince Lombardi a 1959, mutum mai zafi da tsananin horo, shi da jagoran wasansa Bart Starr suka kwashe kambu biyar cikin shekara bakwai, har da Super Bowl, wato wasan ƙarshe na fitar da zakara, na farko da suka doke Kansas City Chiefs 35 da 10 a Janairun 1967, da na biyu da suka lallasa Oakland Raiders 33 da 14. Wasan da har gobe ake labarinsa shi ne na 31 ga Disamba 1967 da Dallas Cowboys, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, fili ya daskare, saura daƙiƙu a tashi Starr ya kutsa da ƙwallon da kansa suka ci 21 da 17. Bayan rasuwar Lombardi a 1970 aka sa wa kofin Super Bowl sunansa.

Daga nan kuma aka daɗe shiru. Sai da jagoran wasa Brett Favre ya zo a 1992, ɗan baya Reggie White ya biyo baya a 1993, sannan suka doke New England Patriots a Super Bowl na Janairun 1997. Aaron Rodgers da ya gaji Favre ya kawo musu kofin Super Bowl ɗinsu na huɗu a Fabrairun 2011, 31 da 25 a kan Pittsburgh Steelers, kuma sau huɗu ana zaɓensa gwarzon gasa, sai dai kofi ɗaya ga ɗan wasa irinsa gaskiya ya yi kaɗan. A 2023 ya koma New York Jets, Jordan Love ya karɓa.

Filinsu Lambeau Field an buɗe shi a 1957, yana ɗaukar wajen mutum dubu 81, masu jiran tikitin kaka sun fi dubu 100 a layi. Babbar abokiyar hamayyarsu Chicago Bears ce, tun 1921 suke karawa.