Dutsen Shoushan na ƙasar Taiwan

Shoushan wani dutse ne da ke bakin teku a yammacin birnin Kaohsiung, kudancin Taiwan, tsayinsa bai wuce mita 356 ba amma ya yi suna sosai saboda birai. Mutanen garin sun fi kiransa Chaishan. Asalinsa murjani ne na ƙarƙashin teku da ƙasa ta turo sama, shi ya sa duwatsun suke da kaifi da ramuka da koguna, saiwoyin bishiyoyi sun nannaɗe su ta ko'ina. A 2011 gwamnati ta mayar da wurin gandun da ake karewa.

Birin da ke wurin jinsi ne da asalinsa a Taiwan kaɗai yake, launinsa toka-toka, yana da doguwar wutsiya, suna yawo garke-garke. Kuma gaskiya sun raina mutane. Da zarar biri ya ji motsin leda ya san abinci ne, sai ka ga ya diro daga reshe ya fizge ya haye sama yana ci yana kallon mai shi, wasu har zip ɗin jaka sun iya buɗewa. Ɗaliban jami'ar Sun Yat-sen da ke gindin dutsen sun fi kowa sanin halinsu don har ɗakunan kwana suke shiga. Doka ta hana ba su abinci kuma akwai tara, ai dama ciyarwar ce ta lalata su tun farko. Masu hawa sun san ƙa'ida: a ɓoye abinci cikin jaka, kar a zuba musu ido, kar a taɓa 'ya'yansu.

Hanyar kanta ba ta da wahala can, yawancinta matakala ce ta katako, tsofaffi ma suna hawa kullum da sassafe. Abin burgewa shi ne rumfunan hutu da ake raba shayi kyauta, 'yan sa-kai ne ke goyo ruwan a baya tun daga ƙasa har sama.

Daga sama ana hango tashar jiragen ruwa da tsibirin Cijin, nan ne tarihin kasuwancin garin yake. Lokacin da kamfanin Turawan Holan ke riƙe da kudancin Taiwan, daga 1624 zuwa 1662, matuƙan jirginsu da wannan dutsen suke gane mashigar ruwan, a taswirarsu ma dutsen birai suka rubuta, a zamanin fatar barewa da sukari ne manyan kayan da suke fitarwa daga Taiwan. Bayan yarjejeniyar Tianjin ta 1858 aka tilasta wa daular Qing ta Sin, wadda ke mulkin Taiwan a lokacin, buɗe tashoshi ga Turawa, garin Kaohsiung da a lokacin ake kira Takao ya samu ofishin kwastan a 1864, sukari ya riƙa fita. Birtaniya ta gina gidan ƙaramin jakadanta a 1879 da jan bulo a kan tudun da ke kallon mashigar, yana nan har yau an mayar da shi wurin tarihi. Robert Swinhoe, jami'in jakadancin Birtaniya mai sha'awar dabbobi, shi ne ya fara bayanin wannan birin a kimiyyance a farkon shekarun 1860.

Sunan Shoushan kuma Japanawa ne suka sa a 1923, lokacin da suke mulkin Taiwan, don girmama Yarima Hirohito, mai jiran gadon sarautar Japan, da ya kawo ziyara. Daga baya sojoji suka daɗe suna riƙe da dutsen, har yanzu ma akwai ɓangaren da ba a barin kowa ya shiga.