Jiragen haƙar ma'adinai a ƙasan teku: wa ke da iko da su, wa kuma zai hukunta su?

Tun da hotunan jirgin haƙar ma'adinan nan Hidden Gem suka fara yawo na lura mutane sun kasu biyu, wasu na cewa shikenan an fara kwashe arzikin ƙasan teku, wasu kuma na cewa ai tsakiyar teku ba na kowa ba ne, duk mai jirgi da kuɗi ya je ya ɗiba. Duka biyun ba daidai ba ne, amma na biyun ya fi damuna.

Jirgin na kamfanin Allseas ne, tsohon jirgin haƙar mai aka sake masa fasali. A 2022 ya yi aiki a yankin Clarion-Clipperton tsakanin Hawayi da Meziko, wani inji yana tafiya a ƙasan teku yana tsintar duwatsu masu girman dunƙulen hannu waɗanda ke ɗauke da nikel da kobalt da manganis da jan ƙarfe, ana turo su sama ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 4. Sama da tan 3,000 aka hawo da su. To amma gwaji ne a ƙarƙashin kwangilar bincike. Hukumar da ke kula da ƙasan teku ta duniya, wato ISA mai hedikwata a Kingston ta Jamaika, ta ba da kwangilar bincike wajen 30, lasisin haƙa don sayarwa kuwa ko ɗaya ba ta bayar ba, ƙa'idojin haƙar ma ana kan tattauna su.

Maganar ba na kowa ba ne kuma, Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 wadda ta fara aiki a 1994 cewa ta yi ƙasan tekun da ya wuce iyakar ikon ƙasashe, da ma'adinan da ke cikinsa, gadon 'yan adam ne baki ɗaya. Na kowa ne kenan, har da ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku.

Jiragen da abin ya shafa su ne mai haƙa, mai dakon ma'adinan, da masu kai ma'aikata da kayan aiki.

Inda kan mutane ke kullewa shi ne jirgi ɗaya hannu biyu ke riƙe da shi. Lafiyar jirgin da ma'aikatansa da ƙa'idar tuƙi duk suna wuyan ƙasar da ya ɗaga tutarta. Aikin haƙar kuma yana ƙarƙashin ISA da ƙasar da ta tsaya wa kamfanin, kamar yadda Nauru, wata ƙaramar ƙasar tsibiri a tekun Fasifik, ta tsaya wa kamfanin da ke riƙe da kwangilar da aka yi gwajin 2022 a ƙarƙashinta. To ina ikon ISA ya ƙare? A 2011 sashen shari'ar ƙasan teku na kotun teku da ke Hambug ya yi fashin baƙi, ya ce tsinto ma'adinan, da hawo da su, da tsane ruwansu, da zubar da ragowar a teku, har da kai su daga jirgi zuwa jirgi a wurin aikin, duk aikin haƙa ne. Amma da zarar jirgin dako ya juya ya nufi tudu da kayan, wannan tafiyar ta fita daga ciki, ya zama jirgin kaya kamar kowane, ƙasar tutarsa ce ke da shi. Gaskiya nan ne nake jin tsoro, domin kowa ya san yadda masu jirage ke zuwa su yi rajista a ƙasar da ba ta cika takura ba.

Sai hukunci. Dan Allah a daina tunanin ISA na da sojan ruwa da za su kama jirgi, ba ta da su. Abin da ke hannunta shi ne tara daidai girman laifi, ko ta dakatar da kwangila ko ta soke ta, kuma sokewar ma sai laifin ya zama babba, an yi ta maimaita shi da gangan duk da gargaɗi, ko kamfani ya ƙi bin hukuncin kotu. Ita kuma ƙasar da ta tsaya wa kamfani, kotun ta ce in dai ta kafa dokoki ta yi bakin ƙoƙarinta wajen sa ido, ba za a ɗora mata ɓarnar ba. Ni wannan bai kwanta min ba wallahi, ƙaramin tsibiri zai iya sa ido a kan katafaren jirgi da ke dubban kilomitoci daga gare shi? In kuma kamfanin ya karye bayan an yi ɓarna, wa zai biya?

Sannan ga Amurka, wadda ba ta cikin yarjejeniyar. Tana da dokarta ta 1980, kuma a Afrilun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin hanzarta ba da izini a ƙarƙashinta. Dokar ta ce dole jirgin haƙa ya ɗaga tutar Amurka, haka ma aƙalla jirgin dako ɗaya daga kowane wurin haƙa. Amma izinin Amurka bai ɗaure sauran ƙasashe ba. Sashe na 137 na yarjejeniyar ya ce duk wanda ya ɗebo ma'adinai daga can ba ta hanyarta ba, ba za a amince cewa nasa ne ba. Kenan jirgin dakon da ya ɗauko irin wannan kaya ya shiga tashar ƙasar da ke cikin yarjejeniyar, ya shigo ne da kayan da ƙasar ta riga ta yi alkawarin ba za ta yarda cewa na wanda ya ɗebo su ne ba.