Zuma a kan miki: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

An yi mini waɗannan tambayoyi fiye da a ƙirga, shi ya sa na tara amsoshinsu wuri guda, kuma ina roƙon a karanta kafin a sake tambaya.

Da gaske likitoci suna sa zuma a miki?

Da gaske ne. Tun a 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon jinyar mutum 59 masu miki da gyambo da zuma, kuma a 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da abin ɗaure miki mai suna Medihoney.

Me ke cikinta da yake kashe ƙwayoyin cuta?

Yawan sukarinta yana tsotse ruwan jikin ƙwayoyin, tana da ɗan tsami da ba sa jurewa, sannan idan ta haɗu da danshin miki tana fitar da sinadarin haidurojin feroksaid, mai kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan-kaɗan.

Zan iya lasa wa jariri?

A'a. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da gubarta ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara. Cewa kaka ta saba yi ba hujja ba ce.

Mahaifina yana da ciwon suga, gyambo ya fito masa a ƙafa, asibiti kuma da nisa. In sa masa zumar kasuwa?

Wannan ita ce tambayar da nake jin nauyinta. Zumar asibiti an tace ta, an kuma haska ta da wani haske mai ratsa abubuwa da ake kira gamma domin kashe ƙwayoyin da ke ɓoye a ciki ba tare da an dafa ta ba, alhali wadda ake sayarwa a kwalba a tasha babu mai tabbatar maka ba a gauraya ta da narkakken sukari ba, ko ba a tafasa ta har amfaninta ya ragu ba. Idan da ƙaramar ƙujewa ce a jikin mai lafiya, zan iya cewa a wanke da ruwa mai tsabta, a shafa zuma mai kyau a jikin bandeji, a riƙa canzawa kullum. Amma ƙafar mai ciwon suga daban take, saboda sau da yawa jijiyoyinta sun mutu, jini ba ya isa yadda ya kamata, mikin yana iya cin nama har ƙashi mai shi bai ji zafi ba. Zuma ba ta buɗe hanyar jini, ba ta kuma kai wa ga ƙashi. Mai yiwuwa ma'aikacin lafiya ya yi amfani da ita bayan ya kankare mataccen nama, wannan hukuncinsa ne. Idan ka ga kumburi, wari, mugunya, baƙi a yatsa ko zazzaɓi, ka nemi mota yau ɗin nan. Kada ka karaya, ƙafafu da yawa sun tsira saboda an kai su da wuri.

Dole sai zumar furen itacen manuka ta ƙasar Niyuzilan?

Ba dole ba ne. Ita ce dai aka fi yin bincike a kanta.

Ƙuna fa?

Ruwa mai sanyi na kimanin minti 20 shi ne farko, ba ƙwai ko man goge baki ba. Zuma tana taimaka wa ƙunar da ba ta yi zurfi ba, amma mai faɗi, ko ta fuska, ko ta ƙaramin yaro, asibiti za a kai ta.