Abota da 'Yan Wasu Ƙasashe a Bakin Tafiya: Tambayoyin da Matafiyan Kano Ke Yi

Babu makon da jirgi ba ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ɗauke da 'yan kasuwar Kwari da Farm Centre, da masu Umara, da ɗalibai, da masu kai marasa lafiya Alƙahira ko Indiya. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu mukan je mu dawo ba mu san kowa ba sai waɗanda muka bar gida tare. Masauki ɗaya, kwano ɗaya, hirar siyasar Kano har dare. Ga tambayoyin da aka fi yi in an taɓo wannan magana.

Ni saro kaya ya kai ni, ba yawon buɗe ido ba. Me zan yi da abokin da ba ɗan ƙasarmu ba?

Alhaji, dubi sunayen unguwanninmu: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa. Larabawan Ghadames da Tarabulus sun zauna a cikin birni tun ana tafiya da raƙuma, Kantin Kwari ma daga Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Lebanon, ya samo suna. Da baƙo aka gina kasuwar Kano, kuma kakanninmu fatake a Gwanja da sauran zangunna da amincin mai masauki suka yi arziki. To me zai sa jikansu ya je Dubai ko Guangzhou ta ƙasar Sin ya rufe kansa a ɗaki?

Ta fuskar riba ma akwai amfani. Ɗan Mali ko ɗan Senegal da ke saro shadda da leshi irin naka ya san kamfanin da ke cika alkawari da wanda ke canja kaya bayan an ga samfur, kuma ba a layi ɗaya kuke da shago ba balle ya ɓoye maka. Sau da yawa ya fi ɗan garinku sakin baki. Sannan aya ta 13 a Suratul Hujurat ta faɗa mana cewa an sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna.

Turancina bai taka kara ya karya ba, Larabcin ma na makarantar allo ne. Ta yaya za mu fahimci juna?

Shi ma wancan ɗin haka yake. Baturke da ɗan Indonesiya da ɗan Uzbekistan duk da guntun Turanci ko guntun Larabci suke lallaɓawa, ba wanda zai yi maka dariya. Ka fi su ma sa'a a ƙasar Larabawa, don ranakun mako da ƙidayarmu daga ashirin zuwa casa'in kusan duk za a gane su. Ka koyi gaisuwa da godiya a harshen mutum, ka faɗa ko da a karkace. Sauran kuma hannu da kalkuleta da waya su ƙarasa. Manhajar fassara ta Google tana da Hausa tun 2013, sai dai ba ta aiki a ƙasar Sin yadda ka saba, WhatsApp ma haka. Can WeChat ake yi, don haka ka sauke shi tun kana gida.

A ina ake haɗuwa da mutanen?

Inda ake jira da inda ake ci. Zaman jiran jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, layin ɗaga kaya, barandar asibiti inda masu jinya ke zaune suna jiran likita. Wanda ya yi mako uku yana jinyar mahaifinsa kusa da ɗan Yaman ko ɗan Iraƙi mai irin wannan damuwa, ba ya buƙatar a koya masa yadda ake abota.

Amma babu kamar Harami. Wanda ya yi azumi a Madina ya san abin da nake nufi. Ana idar da La'asar za a fara shimfiɗa dogayen ledoji a cikin masallacin Manzon Allah (SAW), a jera dabino da kindirmo da burodi da kofunan Zamzam. Yara ƙanana su riƙo hannunka suna ja, kowa na so ka zauna a shimfiɗar gidansu. Kafin a kira Magariba kana da kusan sa'a guda a tsakanin ɗan Pakistan da ɗan Maroko. Wannan ya tura maka dabinonsa, wancan ya nuna maka hoton jikokinsa a waya. Kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su zo su goma, su nemi gefe guda su zauna a jere. Ku rarrabu, kowa ya faɗa cikin wasu, ku haɗu a masauki bayan Tarawihi.

A Hajji kuwa tantunan Mina ƙasa-ƙasa ake raba su, don haka sai a hanyar Jamrat da sahun salla ake cakuɗuwa. 'Yan Indonesiya za ka fi gani, kujerunsu sun haura 200,000 a shekara, kuma mutane ne masu fara'a da saurin sabo. A Guangzhou, gidajen abincin Musulmi na unguwar Xiaobei da sallar Juma'a su ne matattara, musamman lokacin baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba.

Da wace hira zan fara, wacce kuma zan kauce wa?

Ƙwallo ta fi komai buɗe baki. Ka ce wa Baturke Okocha, wanda ya buga wa Fenerbahce, ko Osimhen na Galatasaray, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Ka gaya wa kowa cewa Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014 ya kuma ci Iceland biyu a 2018, ya buga wa Kano Pillars. Bayan ƙwallo sai abinci, da yanayin gari, da hotunan hawan Sallah in kana da su a waya.

Abin gudu na farko shi ne gyara wa mutane salla. Mu Malikawa ne, yawancin Turkawa da 'yan Pakistan Hanafawa, 'yan Indonesiya da Maleshiya Shafi'awa. Za ka ga an kama hannu a ƙasan cibiya, za ka ga an yi ƙunutu ba yadda ka saba ba. Kowa da malamansa. Muhawarar da muke yi a majalisun unguwa a bar ta a gida. Na biyu siyasar ƙasar da ka sauka, kada ka sa baki ko da su suka fara. Na uku hoto: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a doka. Tambayar aure da yawan 'ya'ya kuwa ba ta damun ɗan Asiya, shi ma zai yi maka, amma Bature kan ɗauke ta shisshigi.

In ya gayyace ni cin abinci, kuma ba Musulmi ba ne fa?

Ka je, ka faɗi gaskiya tun kafin a zauna: ba ka cin alade, ba ka shan giya, nama sai na halal. Mutane sun fi girmama wanda ya faɗa a fili da wanda ya zauna yana juya cokali. Kifi da ƙwai da kayan lambu sun isa, ko kai ka zaɓi gidan abincin. Ka kuma lura da ƙananan al'adu. Balarabe zai yi ta zuba maka gahawa a ɗan kofi har sai ka girgiza kofin, alamar ka ƙoshi. A Guangzhou in an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu godiya ce, katin kasuwanci kuma da hannu biyu ake karɓarsa.

Mu mata fa? Ana ce mana mu kama kanmu kawai.

Hajiya, kama kai bai hana gaisawa da mace 'yar'uwarki ba. A ɓangaren mata na masallaci da ɗakunan asibiti an fi saurin sabo, don lallen hannunki da turaren wutanki kaɗai sun isa su jawo tambaya, 'yan Sudan kuma za su ce miki nasu ne. Abin da zan ce kawai: lambar waya ga mata, kuma kada ki bi sabuwar ƙawa zuwa wani gida ko kasuwa sai abokan tafiyarki sun san inda kika nufa.

Wani da zarar ya ji Najeriya sai ya ja baya. Yaya zan yi?

Yana faruwa, kuma yana da ciwo. 'Yan damfara da masu safarar ƙwaya sun ɓata mana suna. Kada ka ɓoye ƙasarka, kada kuma ka tsaya rantse-rantse. Ka zo a lokacin da ka ce za ka zo, ka biya kuɗin shayinka, kada ka nemi rance. Wanda zai sauko zai sauko, wanda bai sauko ba ka ƙyale shi.

Ina iyakar yarda? Idan ya ce in riƙe masa jaka ko in kai saƙo?

A nan babu kunya, babu kara. Kada ka ɗauki kayan kowa, ko ƙulli ne na magani, ko an ce na tsohuwa ne marar lafiya. Wannan bai tsaya kan baƙo ba, har ɗan unguwarku. Saudiyya da Sin da Indonesiya duk suna yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma “ban san abin da ke ciki ba” ba ta fitar da mutum cikin sauƙi. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da ta tafi Umara a ƙarshen 2018 ba, wadda aka maƙala sunanta a jikin jakar da ba tata ba, aka samu ƙwaya a ciki. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnati ta shiga maganar. Ita ba ta ma karɓi kayan kowa ba, to ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Ka ƙirga jakunkunanka, ka duba takardar awon kaya, ka ɗauki hotonsu kafin su shige.

Fasfo ba ya barin hannunka sai ga hukuma. Kada ka bari a turo kuɗin wani ta asusunka, kada ka yi canji a lungu don an ce farashin ya fi. Wanda kuka haɗu jiya, yau ya kawo maka harkar da riba ta yi yawa, ka yi masa godiya ka tashi. Abokin kirki ba ya fushi don ka ce a'a a kan waɗannan, hasali ma shi zai fara gargaɗinka.

Me zan riƙe na kyauta, kuma yaya zumuncin zai ɗore?

Abu marar nauyi mai nuna gida: hular zanna, ƙaramar jakar fata daga Kurmi, ko ɗan yadi rinin Kofar Mata. Kilishi da dambun nama ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da su, goro kuma hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa ga masu zuwa Saudiyya, don haka ka tambaya kafin ka ɗaure kaya. Bayan an rabu, saƙon murya a ranar Sallah da tambayar jikin mara lafiyarsa sun fi tura masa hotunan barka da Juma'a kullum. In ya ce zai zo Kano, ka tare shi a filin jirgi da kanka, ka sa lokacin ya dace da hawan Daushe.