Zaƙulo Ƙwayoyin Litiyam Masu Rai daga Tsofaffin Batura

Zaƙulo ƙwayoyin litiyam aiki ne na buɗe tsohon batirin da ya daina aiki, musamman na kwamfutar tafi-da-gidanka da na injinan hannu marasa waya irin su injin huda da na yanka da na ɗaura kusa, domin a fitar da ƙananan baturan da ke cikinsa, waɗanda ake kira ƙwayoyi, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ware masu sauran ƙarfi a sake amfani da su. Abin da ake kira batirin kwamfuta ba batir guda ba ne. Kwanso ne na roba da ke ƙunshe da ƙwayoyi da yawa, haɗe da wani ɗan allon lantarki mai lura da su, kuma sau da yawa kwanson kan daina aiki alhali mafi yawan ƙwayoyinsa lafiyarsu lau.

Asali da siffar ƙwayar

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da batirin litiyam mai caji kasuwa a shekarar 1991, bisa binciken masana irin su Stanley Whittingham da John Goodenough da Akira Yoshino, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda wannan aiki. Ƙwayar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ake kira 18650, kuma sunan daga awonta ya fito, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Akwai wadda ta fi ta girma, 21700, da ake samu a baturan injinan hannu na baya-bayan nan. Ita 18650 ɗin ce kamfanin Tesla ya tara guda 6,831 a batirin motarsa ta farko, Roadster, a 2008.

A cikin gwangwanin ƙarfen ƙwayar akwai siraran falle-falle da aka naɗe kamar tabarma: fallen alminiyam da aka shafe da sinadarin litiyam haɗe da kobalt ko nikel ko manganis, da fallen jan ƙarfe da aka shafe da girafayit, da wata siririyar leda mai ƙofofi da ke raba su, duk a jiƙe da ruwan sinadari mai kama wuta. Matsakaicin ƙarfin ƙwaya ɗaya bolt 3.6 ne ko 3.7, tana cika a bolt 4.2, kuma ana ɗaukar ta ƙare idan ta sauka tsakanin bolt 2.5 da 3.0, gwargwadon abin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade.

Dalilin da kwanso ke mutuwa ƙwayoyinsa na da rai

Batirin kwamfuta mai ƙwaya shida yakan kasu rukuni uku, kowane rukuni ƙwaya biyu haɗe gefe da gefe, sannan a jera rukunan uku bi da bi, wanda shi ne ke ba da bolt 10.8 ko 11.1 da ake gani a rubuce a jikinsa. A haɗin jere, rukunin da ya fi rauni shi ke yanke wa sauran hukunci, domin allon kariya, wato allon nan mai lura da ƙwayoyin, yana katse wuta da zarar kowane rukuni ɗaya ya kai iyakarsa ta ƙasa ko ta sama. Rukunin da ya fi kusa da wurin da kwamfuta ke fitar da zafi yakan riga sauran tsufa, sai batirin gaba ɗaya ya koma ba ya riƙe caji. Wani lokaci ma ƙwayoyin ba su da laifin komai: allon ne ya lalace, ko ya ƙona fiyus ɗinsa da gangan bayan ya ga wata matsala, ko kuwa an ajiye batirin shekara da shekaru har allon ya tsotse ɗan cajin da ya rage ya kulle kansa.

Ƙwayar kwamfuta da ta injin hannu kamanninsu ɗaya, amma ba don aiki ɗaya aka yi su ba. Ta kwamfuta an ƙera ta ne ta ɗauki caji mai yawa, galibi tsakanin mAh 2,000 da 3,000 (mAh ma'aunin yawan cajin da ƙwaya ke riƙewa ne), ta riƙa sakinsa a hankali. Ta injin hannu cajinta yakan yi ƙasa da haka, sai dai tana iya fitar da wuta mai yawa lokaci guda, amfiya 15 ko 20 ko fiye, ba tare da ta yi zafin da zai cutar da ita ba. Batirin injin da aka rubuta wa bolt 18 ƙwaya biyar ne a jere, ko goma idan an ninka su, kuma wanda ake rubuta wa bolt 20 shi ma biyar ɗin ne, an dai yi lissafin ne da ƙarfinsa lokacin da yake cike. Sanya ƙwayar kwamfuta a injin huda kuskure ne mai haɗari, domin za a nemi ta ba da abin da ya fi ƙarfinta. Haka kuma ba kowane batirin injin hannu ne irin wannan ba. Tsofaffin injina da yawa nikel da kadmiyam ne a cikinsu, masu bolt 1.2 kowace ƙwaya, wasu kuma litiyam ne mai ƙarfe da fosfet, wadda matsakaicinta bolt 3.2 ne kuma ba a cika ta zuwa 4.2. Saboda haka ake karanta lambar da ke jikin ƙwaya, a nemo takardar bayanin kamfaninta, kafin a jona ta da caja.

Buɗe kwanso

Baturan injinan hannu galibi da kusoshi aka ɗaure su, don haka buɗe su ba wuya. Na kwamfuta kuwa manne su ake yi, dole sai an bi gaɓar a hankali an ɓare, kuma a nan ne ake yawan lalata ƙwayoyi, idan sukudireba ta zarce ta huda ko ta lotsa gwangwani. Mai aikin yakan sa safar hannu da gilashin kare ido, ya cire zobe da agogon ƙarfe, ya yi aiki a kan abin da ba ya ɗaukar wuta, da bokitin yashi a kusa. Da an buɗe, sai a fara yanke wayoyin allon ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa biyu a yanka guda ba, domin bakin filaya zai gama su.

Akwai wani abu game da ginin ƙwayar da ya kamata duk mai taɓa ta ya sani. Gwangwanin gaba ɗayansa, tun daga gindi har kafaɗa, ɓangaren alamar ɗebewa (−) ne. Ɓangaren alamar tarawa (+) ɗan maɓallin da ke tsakiyar kai ne kawai, kuma abin da ya raba su bai wuce wani siririn zobe da ledar da aka lulluɓe ƙwayar da ita ba. Idan ana murɗe fallen nikel mai haɗa ƙwayoyin, wanda aka yi wa walda a kai, gefensa mai kaifi yana iya yaga ledar ya taɓa kafaɗa da maɓalli lokaci guda, nan take ya yi ja ya fara tartsatsi. Shi ya sa ake naɗe fallen a bakin filaya a hankali, ana nesanta shi da kafaɗa, sannan a goge ɗigon waldar da ya rage, a sauya leda da zoben duk ƙwayar da tata ta yage.

Gwaji da tacewa

Darajar aikin duka tana cikin gwaji ne, kuma wanda ba shi da haƙurin yin sa gara ya sayi sababbin ƙwayoyi. Da ido ake farawa. Ƙwaya mai tsatsa, ko lotsawa, ko kumburi, ko alamar yoyo, ko wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, ba a ma kai ta ga mita. Sauran sai a auna ƙarfinsu. Wadda aka samu sama da bolt 2.5 tana da kyakkyawan fata, wadda kuwa ta daɗe ƙasa da bolt 2 abin tsoro ce ko da ta karɓi caji daga baya, domin a irin wannan yanayi jan ƙarfen ciki yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin, idan aka sake caji sai ya dasƙare ya zama tsinkayen da ke iya huda ledar tsakiya. Irin wannan lahani ba ya nunawa a waje, kuma yana iya ɗaukar lokaci kafin ya bayyana. Wadda mita ta nuna sifiri sau da yawa makatsin kariya mai yanke wuta da ke ƙarƙashin maɓallinta ne ya buɗe saboda iska ta taru a ciki. Wasu kan danna shi da tsinke don ƙwayar ta farfaɗo, wanda hakan cire kariyar ƙarshe ne daga ƙwayar da ta riga ta nuna tana da cuta, kuma babu wani dalili da zai halatta shi.

Bayan haka sai a yi caji da ƙaramar wuta, mutum yana wurin, yana taɓa su lokaci zuwa lokaci. Duk wadda ta yi zafi a hannu ba tare da ta kai bolt 4.2 ba, an gama da ita. Waɗanda suka cika sai a rubuta awonsu a jikinsu, a ajiye su mako biyu zuwa huɗu a sake aunawa. Lafiyayyar ƙwaya kaɗan take sauka, ta tsaya kusa da bolt 4.1 ko sama da haka, mai zubar da caji da kanta kuwa za a tarar ta yi ƙasa sosai, kuma idan aka haɗa ta da wasu za ta riƙa janye su tare da ita. Wannan zaman jira shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ke tona ƙwayar da ta tsallake sauran gwaje-gwajen.

Sai gwajin yawan caji, inda na'ura ke sauke ƙwayar daga cika zuwa iyakarta da wuta daidaitacciya tana ƙidaya abin da ta bayar. A masana'antar batir an saba ɗaukar kashi 80 cikin 100 na asalin yawan cajin da ƙwaya ke ɗauka a matsayin ƙarshen rayuwar farko, ko da yake mai ƙasa da haka tana iya aikin fitila. Ana kuma auna turjiyar ciki, wato yadda cikin ƙwayar ke tare wa wuta hanya, wadda ke ƙaruwa da tsufa: ƙwayar da turjiyarta ta hau za ta riƙa zafi, ƙarfinta ya riƙa faɗuwa da an ɗora mata kaya, ko da awon cajinta ya yi kyau. Gwajin nan yana fallasa jabu ma, domin 18650 ta gaskiya ba ta wuce wajen mAh 3,500 sai da kaɗan, don haka wadda aka rubuta wa 9,000 ƙarya ce tsagwaronta.

Haɗari da sake amfani

Babban haɗarin shi ne zafin da ke ciyar da kansa: ƙwaya ta yi zafi, zafin ya tayar da sinadaran ciki su ƙara fitar da wani zafin, har ta fashe da wuta ta kunna maƙwabtanta. Hayaƙinta guba ne, kuma batirin da aka kashe wa wuta yana iya sake kamawa bayan awoyi. Ba a yin caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri sifiri a ma'aunin Celsius, kuma ƙwayoyin da za su daɗe a ajiye ana barin su ne wajen bolt 3.7, a wuri mai sanyi, cikin akwatin da bakunansu ba za su taɓa ƙarfe ba.

Ƙwayoyin da suka tsallake sukan shiga fitilu, da ma'ajin cajin waya, da ma'ajin wutar hasken rana, wato ayyukan da ba sa jan wuta da ƙarfi. Wajen haɗa sabon kwanso ana daidaita rukunan ta yadda jimillar cajin kowanne za ta yi kusan ɗaya, a daidaita ƙarfin ƙwayoyin kafin a gama su gefe da gefe, a sa allon kariya wanda ya dace da yawan jerin. An fi son waldar ɗigo a kan liƙi da dalma, saboda zafin dalma yana daɗewa a kan ƙwaya har ya iya lalata zoben da ledar ciki, kuma masu haɗa manyan baturan ajiya sukan sa wa kowace ƙwaya nata siririn fiyus.

Waɗanda suka faɗi gwaji ba a jefa su cikin shara, domin suna tayar da gobara a motocin kwasar shara da wuraren tara ta. Ana liƙe bakunansu da salatif a kai su wurin karɓar tsofaffin batura, inda ake fitar da kobalt da nikel da jan ƙarfe da litiyam. Tarayyar Turai ta kafa sabuwar dokar batura a 2023 wadda ta tsaurara sharuɗɗan tattarawa da sake sarrafawa, kuma dokokin sufurin jiragen sama sun hana ɗaukar batirin litiyam da ya lalace. Su kansu ƙwayoyin kwamfuta raguwa suke yi, domin kwamfutocin zamani sirara sun koma amfani da batir shimfiɗaɗɗe mai jakar leda, wanda ke saurin hujewa kuma ba shi da awo guda da kowa ke bi, don haka masu wannan aiki sun fi karkata yanzu zuwa baturan injinan hannu da na kekunan lantarki.