Bayyana Kuɗin Shiga ga Hukumar Haraji a Najeriya

Bayyana kuɗin shiga shi ne mutum ya rubuta wa hukumar haraji duk abin da ya samu a shekarar da ta wuce, ko albashi ne, ko ribar kasuwanci, ko kuɗin hayar gida, domin a lissafa harajin da ya hau kansa. A Najeriya ana miƙa wannan takarda kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris na kowace shekara. Mai karɓa ita ce hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune, ba jihar da ya fito ba: Bakatsinen da ke zaune a Legas, a Legas zai biya. Abuja tana da tata hukumar.

Wannan tsari ya sha bamban da harajin da Arewa ta sani a zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna. A da, hakimi da dagaci da mai unguwa ne ke yanka wa kowane baligi abin da zai biya, makiyayi kuma a ƙirga masa shanu ya ba da jangali. Gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke wancan haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Yanzu mai biya ne ke faɗin samunsa da bakinsa, hukuma ta bincika idan ta yi shakka.

Ma'aikaci ana cire masa haraji daga albashi kowane wata a tsarin da ake kira PAYE, ma'aikatarsa kuma ta miƙa bayanan ma'aikatanta zuwa 31 ga Janairu. Nan ne da yawa suke kuskure, suna ɗauka cirewar ta ɗauke musu cike fom. Ba ta ɗauke ba, musamman ga wanda ke da shago ko gidan haya bayan albashi. 'Yan kasuwa da masu sana'ar kansu kuwa babu mai cire musu, su ke lissafi su biya kai tsaye.

Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta daɗe tana aiki da matakai shida, daga kashi 7 zuwa kashi 24 cikin ɗari. Sabuwar dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A cikinta naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka ake hawa har kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Kowane mataki a kan nasa ɓangaren kuɗin kaɗai yake hawa. Wanda ya rage masa miliyan 3 bayan rangwame, naira 330,000 zai biya a shekara.

Kafin lissafi ana ɗebe kuɗin fansho, da gudummawar asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya da ta rai. Ɗan haya yana samun rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000, amma sai ya bayyana hayar, don haka rasit ɗin mai gida abin adanawa ne.

Wani abin da ke kai mutane ofishin haraji shi ne takardar shaidar biya, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata. Ana neman ta wajen kwangilar gwamnati da takardar mallakar fili. Wanda bai miƙa bayanansa ba sai ya biya bashin da ke kansa da tarar jinkiri kafin a ba shi.