Furotin da maganin da ke bin sawun ciwon daji: amsoshi, karo na barkatai

Furotin ɗin nan, na nama da wake kake nufi?

A'a. Na gaji da maimaitawa. Ƙananan ma'aikatan cikin ƙwayar halitta nake nufi. Ƙwayoyin gado kusan 20,000 ne ke ba da umarnin ƙera su a jikinmu.

To mene ne sabo?

Da ɗai-ɗai ake duba su. Yanzu na'ura na tantance dubbai a samfuri guda, a gwada na ƙwayar daji da na lafiyayya. Wanda ya yi yawa a saman ƙwayar daji, shi ne adireshin da za a aika wa magani.

An ce ciwon dajin nonon yayata mai HER2 ne. Mu sayar da fili mu sayi maganin?

Dakata tukuna. HER2 furotin ne da ke yin yawa a kusan ɗaya cikin biyar na masu kansar mama. Maganin Herceptin, da Amurka ta amince da shi a 1998, shi yake kamawa. A 2013 aka fito da Kadcyla: Herceptin ne aka ɗaura wa guba ya kai ta har cikin ƙwayar. Amma wa ya ce muku mai HER2 ne? Ku karɓi takardar gwajin tsokar da aka yanko. In an rubuta 3+, to haka ne. In 2+ ne, sai an ƙara wani gwajin. In 1+ ne, Herceptin ba nata ba ne, ko da yake tun 2022 ana ba wasu irinta maganin Enhertu, shi kuma yakan taɓa huhu. Tsokar ma in ta daɗe ba a sa ta a ruwan adanawa ba, sakamakon na iya yin ƙarya. Sannan sai an duba zuciyarta, kuma ba allura ɗaya ba ce, galibi shekara ake yi. Ku zauna da likitan ciwon daji kafin ku taɓa filin. Kada hankalinku ya tashi, wannan nau'in yana jin magani.

Ba shi da illa ke nan?

Wa ya faɗa maka?

Me ya sa maganin ke ɓata hanya?

In irin wanda ake zubawa a ɗan ƙaramin ƙunshi ne, yana shiga jini furotin ɗin jinin su lulluɓe ƙunshin, adireshin ya rufe, hanta ta kwashe mafi yawa. Da waccan na'urar ake gano waɗanne ne suka manne, a sake wa ƙunshin riga.

Zogale fa?

Ka ci a miya.